Makarantar Pantglas, firamaren da sharar kwal ta binne a Aberfan

Jama'a barkanmu da warhaka, yau kudancin Wales za mu leƙa a can Birtaniya, wani ƙauye ne mai suna Aberfan, ku ji tarihin 'yar firamarensu da ake ce wa Pantglas.

Shi dai wannan ƙauye kwal ne ya kafa shi. A 1869 aka fara haƙa ramin Merthyr Vale, leburori suka yi ta kwararowa, aka jera musu gidaje a gindin tudu, daga baya makaranta ta biyo. Kuma fa a irin waɗannan garuruwa makaranta ba ƙaramin abu ba ce, don kafin dokar 1842 yaro ɗan shekara shida bakwai ake tura shi ƙarƙashin ƙasa ya wuni cikin duhu yana buɗe ƙofa yana rufewa, wannan dokar ce ta hana 'yan ƙasa da shekara 10 shiga rami, sannan a 1880 karatun firamare ya zama dole. Saboda haka uban da ƙurar kwal ta gama cinye masa huhu ba shi da burin da ya wuce ɗansa ya zauna a benci ya riƙe fensir.

To amma ina ake kai sharar da ake fitowa da ita daga rami? Kan tudun da ke saman ƙauyen ake tulawa, tsibi bayan tsibi har guda bakwai. Na bakwai ɗin a 1958 aka fara shi, ya kai tsayin kusan mita 34, kuma abin takaici a kan idon ruwa aka ɗora shi, idon ruwan da yake nan ɓaro-ɓaro a jikin taswira. Mutanen gari sun yi ta koke, har wasiƙu an rubuta a 1963 ana cewa wannan abu hatsari ne ga makaranta, a shekarar ma tsibin ya ɗan zame, amma hukumar kwal ta ƙasa ta yi kunnen uwar shegu.

Ranar Juma'a 21 ga Oktoba 1966, ranar da za a tashi hutu, an kwana biyu ana tafka ruwa ga hazo ya rufe ƙauyen, wajen ƙarfe tara da kwata na safe yara sun shiga aji kenan malamai na kiran suna, sai tsibin nan ya ɓalle. Baƙin taɓo ya gangaro da ƙara kamar ta jirgin sama, ya shafe gidajen gona, ya afka wa makarantar ya cika azuzuwa. Iyaye mata da hannu suka dinga tono, mahaƙa suka fito daga rami da shebur, kowa na neman nasa, lokaci-lokaci a busa usur kowa ya tsaya cak ko za a ji kukan yaro. Bayan ƙarfe 11 ba a ƙara ciro mai rai ba. Mutum 144 suka rasu, 116 yara ne, yawancinsu 'yan shekara bakwai zuwa goma, har da malamai biyar.

Wallahi abin da ya biyo baya shi ya fi ci min rai. Kwamitin bincike ya fitar da rahoto a 1967 ya ɗora laifin kacokan a kan hukumar kwal, amma ko mutum ɗaya ba a kora ba balle a kai shi kotu. Fam 500 hukumar ta biya a kan kowane yaro. Duniya ta tausaya ta tara gudummawar kusan fam miliyan 1.75, sai gwamnati ta sa aka zari fam 150,000 daga ciki wai don a kwashe sauran tsibin, wato da kuɗin ta'aziyyarsu aka share sharar da ta kashe musu 'ya'ya.

An rushe abin da ya rage na makarantar, filin ya koma lambun tunawa da yaran. A 1969 aka kafa dokar sa ido kan tsibin sharar ma'adinai, ramin Merthyr Vale ɗin shi kuma bai daina aiki ba sai 1989. Kuɗin nan fam 150,000 kuwa sai a 1997 gwamnati ta mayar, bayan shekara kusan 30, kuma ko sisi ba ta ɗora a kai ba.