Taya Ta Yi Faci a Hanyar Bukuru: Darasi Ne ko Alama?

[Hoto: asuba a Tudun Wada ta Jos, hazo, mai ƙosai tana hura wuta]

Salama gare ku, 'yan'uwa. Ku gyara rigar sanyi, ku matso kusa.

Kwanakin nan akwai wata irin shaida da ta cika WhatsApp ɗin zumuntocinmu. Tukunya ta kife, wai Allah ya hana tafiya. Wuta ta ɗauke ana tsakar addu'a, wai akwai mai zunubi a ɗakin. Ranar Lahadi bayan sujada wani ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, mun ɗauki kaya za mu gaida iyayen yarinyar da nake nema, taya ta yi faci a hanyar Bukuru. Anya ba Ubangiji ne yake ce mini in janye ba?" Da gaske yake, har idonsa ya yi ja. Saboda shi na yi wannan bidiyo.

[Hoto: Terminus, keke na wucewa, masu talla]

Koyon darasi daga abin da ido ke gani kullum ba sabon abu ba ne. Yesu da kansa haka ya koyar. Tsuntsaye da furannin jeji a Matta 6, yisti cikin gari a Matta 13, mace da fitila da tsintsiya tana neman kuɗinta a Luka 15. Misalai 6:6 ma tururuwa ta aike mu wurinta. To, matakin farko mai sauƙi ne: ka tsaya, ka duba.

[Hoto kawai: hannu na buga ƙullun ƙosai, mai na tafasa]

Mataki na biyu ne ake tuntuɓe, kuma a nan zan zauna.

Idan ka ga abu, tambaya biyu ce ke zuwa maka. Ɗaya ta ce: me wannan ke tuna mini daga cikin abin da Allah ya riga ya faɗa? Ɗayar ta ce: wane asiri wannan ke tona mini game da gobe, ko game da wane? Ta farko tana kai ka ga Littafi. Ta biyun kuwa, in ba a yi hankali ba, duba ce aka sa mata rigar coci.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 28. Jirgin ruwan da ke ɗauke da Bulus ya fashe, suka fita a tsibirin Malta, ga ruwan sama, ga sanyi. Mu mutanen Jos mun san yadda ake zagaye wuta a irin wannan lokaci. Bulus ya tattaro ƙirare ya zuba, zafi ya fito da maciji, ya maƙale masa a hannu. Mutanen tsibirin suka ce lalle wannan mai kisankai ne, ya tsira daga teku amma hukunci ya kama shi. Suka zuba ido ya kumbura ko ya faɗi matacce. Shiru. Sai suka juya suka ce ai allah ne! Maciji ɗaya, hannu ɗaya, fassara biyu, duka biyun kuskure.

[Hoto: shafin Luka 13, yatsa na bin layi]

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Luka 13:4. Hasumiya ta faɗi a Siluwam, ta kashe mutum 18. Yesu ya tambayi masu sauraronsa, ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mazauna Urushalima laifi ne? Ya ce a'a. Sai ya juyo da maganar kan masu tsaye a gabansa, ya ce su tuba. Haka a Yohanna 9, almajirai suka ga makaho tun haihuwa, suna neman wa za a ɗora wa laifi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba, ba su ba.

Ni dai wannan magana tana ci mini rai, domin a garin nan mun yi jana'iza da yawa. Kada wani ya shiga gidan makoki ya fara yi wa gwauruwa fassarar abin da ya same ta. Ka zauna, ka riƙe mata hannu, ka ɗebo ruwa. Ya isa.

Wani zai ce, shin Allah ba ya tare wa mutum hanya? Yana yi mana. A Ayyukan Manzanni 16 Ruhu Mai Tsarki ya hana Bulus yin wa'azi a Asiya. Amma abu mai nauyi kamar aure, ka kai shi ga Magana, ga addu'a, ga Baba Fasto da iyayenka. Ƙusar da ta huda taya ba dattijon ikilisiya ba ce.

[Hoto: rumfar mai faci, ya kwantar da taya]

Yanzu ku dubi nan da kyau. Ya ba tayar iska, yana zuba mata ruwan sabulu, yana juyawa a hankali. Ba a ganin komai. Ga shi nan, ƙaramin kumfa, ɗaya bayan ɗaya. Huda ce da ko allura da ƙyar ta shiga, ita ta tsayar da mota da mutum biyar da buhun shinkafa.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan. Zabura 139, aya 23 da 24, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi, ya ga ko akwai wata muguwar hanya a cikinsa. Ta ina iskarka take fita? Fushin da ba ka faɗa wa kowa ba? Bashin da kake ɓoye wa yarinyar? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, bashin ne." Ka ga wannan ba a yi duba ba, ba a zargi kowa ba, ga kuma aikin da zai yi kafin Lahadi.

[Hoto: ana toshe hudar, ana ɗaure ƙusoshin taya]

Mataki na uku ba ya buƙatar dogon bayani: ka tashi ka aikata. Ƙanena ya ce gobe da yamma zai je ya faɗa mata nawa ne, da kuma wa yake binsa.

[Hoto: mota ta hau titi, ta nufi Bukuru]