Gajiyar zuciya, da yadda ake tallafa wa wanda ya yi shiru da ita

Masu kallo, assalamu alaikum. Bayaninmu na yau ya shafi wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita, da kuma abin da ya kamata mutum ya yi idan ya lura ɗan'uwansa ko amininsa yana fama da ita bai faɗa wa kowa ba.

A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kan ma'aikatan sa-kai na wani asibitin kyauta da ke birnin New York na Amurka. Ya ga mutanen da suka fara aiki da zafin nama sun koma marasa kuzari, masu saurin fushi, ga ciwon kai, ga rashin barci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan yanayi a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ambaci alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ƙwazo.

Hukumar ta taƙaita bayaninta a kan wurin aiki, amma duk wanda ya taɓa ganin mai jinya ya san akwai makamancin haka a cikin gida. Ku dubi matar da ta shafe watanni tana kula da mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki, ita ce wanka, ita ce juya ta cikin dare, ita ce neman kuɗin magani, sannan ga 'ya'yanta suna jira. Idan damuwa ta taso, jiki kan saki sinadarai irin su kotisol domin mutum ya zauna cikin shiri. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci, amma idan ya ɗore sai barci ya lalace, mantuwa ta yi yawa, ƙaramin abu ya riƙa tunzura mutum. 'Yan dubiya suna zuwa su tambayi mai jiki, da wuya a sami wanda zai tambayi mai jinya halin da take ciki.

Ko an tambaye ta ma, amsar ita ce "Alhamdulillahi, ba gajiya." An tashe mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutane da yawa suna tsoron a ce musu ba su da haƙuri ko tawakkali, ko a jingina musu taɓin hankali. Saboda haka kada ku jira sai an kawo muku kuka. Labarin zuciya a tambayi fuska: wanda ya daina fitowa majalisa, wadda ta ɗauke ƙafa daga biki da suna, wanda saƙo ke kwana a wayarsa bai amsa ba, duk sun cancanci a je a same su.

Ku je ku kaɗai, ku faɗi abin da idonku ya gani, kamar ku ce, "Yaya, na ga kin rame kuma kin rage magana, hankalina bai kwanta ba." Daga nan sai ku saurara. Babban kuskurenmu shi ne gaggawar yin wa'azi da tunatar da mutum cewa wasu sun fi shi shiga uku, alhali ya san da haka, kuma sanin ne ma ya sa shi yin shiru tun farko. Haka kuma cewa "idan akwai abin da kike so ki faɗa mini" ba ya wadatarwa, domin kara ba za ta bar ta ta roƙa ba. Gara ku yanke da kanku: "Ranar Asabar zan kwana da Inna, ke ki je ki yi barci." Abin da aka gaya muku kuma amana ne, kada ya fita.

Wanda yake cikin wannan hali ya nemi a raba masa nauyin tsakanin dangi, ya ware wa barci lokaci, ya riƙa ɗan tattaki, ya kuma nisanci ƙwayoyi irin su tiramadol da kodin da sunan neman sauƙi. Addu'a da ganin likita ba sa cin karo da juna.

Idan baƙin ciki da fitar sha'awar komai suka kai mako biyu kusan kullum, abin yana iya zama ciwon damuwa, wanda yake da magani. Idan kuwa mutum ya fara cewa gara mutuwa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa masa tunanin. A nan riƙe sirri ya ƙare: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Wanda ya yi nisa da su ya fara da babban asibitin da ke kusa, kuma ku raka shi da ƙafarku.