Allurar da ta kashe Michael Jackson: me ya sa likitansa bai cika shekara biyu a gidan yari ba?

[Hoto: motar asibiti tana fitowa da baya daga wani gida a Los Angeles]

Jama'a, barkanmu da war haka. Duk shekara idan watan Yuni ya kama, sai maganar nan ta sake tashi a Facebook da TikTok: wai kashe Michael Jackson aka yi, kuma wanda ya kashe shi ko shekara biyu bai cika a gidan yari ba, saboda haka lalle da manya a bayansa. To, rabin maganar gaskiya ce. Hukuma da kanta ta rubuta cewa ta hannun wani ya mutu, likitansa Conrad Murray kuwa da gaske bai cika shekara biyu a tsare ba. Inda lissafi yake ɓace wa mutane shi ne abin da ya faru a ɗakin kwanansa safiyar 25 ga Yuni, 2009.

[Hotunan ƙuruciya, sannan na fagen wasa]

Tarihinsa kam a guje za mu wuce, don kun san shi. An haife shi a 1958 a garin Gary, jihar Indiana a Amurka. Ga shi nan, ɗan ƙaramin da ke gaba, cikin ƙungiyar Jackson 5 tare da yayyensa. A 1982 ya fitar da Thriller, faifan da har yau ba a sayar da wani kamarsa ba a duniya. A 1984 ya kwashe lambobin Grammy 8 a dare ɗaya. Wannan kuma ita ce rawar ja-da-bayan nan da ya nuna a 1983. Ku kalla kawai, ba sai na ce komai ba. Yara nawa ne suka cinye ƙasan silifas wajen kwaikwayonta, Allah kaɗai ya sani.

[Hotunan taron jama'a a ƙofar asibitin UCLA]

Ranar da ya mutu, shafin labaran taurari na TMZ ne ya fara bayar da labari. Twitter ya tsaya cak saboda cunkoso, Google kuwa sai da ya zaci harin masu kutse ne, don yawan masu neman suna ɗaya a lokaci guda. Yayansa Jermaine, wanda Musulmi ne, shi ya fito gaban 'yan jarida ya tabbatar da rasuwar, ya kuma rufe jawabinsa da ambaton Allah. Wannan, da zaman da Michael ya yi a ƙasar Bahrain daga 2005 zuwa 2006, su suka ƙara wa jita-jitar musuluntarsa ƙarfi a wajenmu. Shi dai bai taɓa fitowa ya faɗa da bakinsa ba, kuma sai 3 ga Satumba aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn, fiye da wata biyu bayan mutuwarsa. A taron tunawa da shi ranar 7 ga Yuli a zauren Staples Center na Los Angeles, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka nemi tikiti 17,500. Ga 'yarsa Paris nan, shekararta 11, tana kuka a gaban makirufo.

Yanzu mu koma ɗakin.

[Hoto: ƙaramar kwalba mai farin ruwa]

Wannan farin ruwan sunansa propofol. Michael madara yake ce masa. Mutane da yawa sun ɗauka ƙwayar barci ce ya haɗiya da yawa, irin labarin da aka saba ji game da mawaƙa. Ba ƙwaya ba ce, ba a ma haɗiyarsa. Allura ce da ake turawa ta jijiya a ɗakin tiyata, ita ce ke ɗauke hankalin mutum kafin likita ya sa wuƙa. Cikin ƙasa da minti ɗaya ta yi aiki, kuma idan aka daina turawa, bayan 'yan mintuna mutum ya farka. Wannan ne ya sa likitoci ke son ta.

Amma tana da hali. Tana rage numfashi, wani lokaci ta tsayar da shi gaba ɗaya. Tana saukar da hawan jini. Tsokar maƙogwaro tana saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. A asibiti duk wannan ba abin tashin hankali ba ne, domin akwai ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki sai tsayawa a kan majinyaci, idonsa a kan na'urar da ke ƙara idan iskar oksijin ta ragu a jini. Numfashi na tsayawa zai ɗaga haɓa, ya sa abin hura iska, shi ke nan. Wato allurar da mai gadinta tare suke tafiya. Ka yi wa mutum ita ka fita daga ɗaki, daidai yake da direban tirela ya saki sitiyari a gangare ya koma baya neman wayarsa.

Kuma ga abin takaicin: ba ta ma ba da barci na gaskiya. A wata shari'a ta 2013, masanin barci na jami'ar Harvard, Charles Czeisler, ya shaida cewa propofol ba ya kai ƙwaƙwalwa matakin barcin da take hutawa a ciki. Mutum zai farka yana jin kamar ya yi barci, alhali jikinsa bai samu ba. Michael kuwa an yi kusan wata biyu ana yi masa ita kusan kowane dare.

[Hotunan atisayen This Is It, wasannin da ya shirya yi a Landan]

Me ya kai shi? Yana da shekara 50, bashi ya yi masa katutu, ya kuma amince zai yi wasa 50 a zauren O2 na Landan daga watan Yuli. Rashin barci ya daɗe yana damunsa. Aka ɗauko Dakta Conrad Murray, likitan zuciya, ba ƙwararren sa barci ba, a kan albashin dala 150,000 a wata.

Ga yadda daren ya kasance, bisa abin da Murray da kansa ya faɗa wa 'yan sanda. Michael ya dawo daga atisaye bayan tsakar dare. Wajen ƙarfe 1:30 Murray ya ba shi Valium, ƙwayar kwantar da hankali. Ƙarfe 2, allurar lorazepam. Ƙarfe 3, midazolam, duk magungunan sa barci ne. Aka maimaita, gari ya waye, ido biyu. Ƙarfe 10:40 na safe ya tura masa propofol, a kan waɗancan magungunan da su ma rage numfashi suke yi. Murray ya ce minti biyu kacal ya fita ya kewaya. Bayanan wayarsa kuwa sun nuna ya shafe fiye da minti 40 yana kiraye-kiraye bayan ƙarfe 11. Ba a kira motar asibiti ba sai 12:21, kuma ba shi ya kira ba, mai tsaron lafiyar Michael ne. A kan katifa ya fara danna masa ƙirji, alhali a ƙasa mai tauri ake yi. Da ma'aikatan ceto suka tambaye shi abin da ya ba shi, bai ambaci propofol ba. Ƙarfe 2:26 na rana aka tabbatar ya cika.

[Hoton kotu, Murray a zaune]

To a nan ne amsar take. A Agustan 2009 ofishin binciken gawa na Los Angeles ya ce mutuwar ta hannun wani ce. Aikinsu ke nan, su faɗi ko ciwo ne, ko haɗari, ko mutum ya kashe kansa, ko wani ne sanadi. Niyya ba huruminsu ba ce, ta kotu ce. Kuma mu ba baƙi ba ne ga wannan bambancin, ko a fiƙihu kisan ganganci daban, kisan kuskure daban, hukuncinsu ma ba ɗaya ba. Masu gabatar da ƙara ba su taɓa cewa Murray ya yi nufin kisa ba. Ina ma dalili? Mutuwar ce ta raba shi da albashin. Tuhumar ita ce kisa ba da niyya ba, ta hanyar mummunan sakaci. Lauyoyinsa suka ce Michael ne ya ƙara wa kansa allurar da likita ya fita. Masu ƙara suka amsa cewa ko da haka ne, wa ya kawo maganin, wa kuma ya bar shi da shi?

Ranar 7 ga Nuwamba, 2011 aka same shi da laifi. Alƙali Michael Pastor ya ba shi shekara 4, kuma wannan ne iyakar abin da dokar California ta yarda a kan wannan laifin, ba sassauci aka yi masa ba. Ya fita a Oktoban 2013, domin a tsarin jihar, ga cunkoson gidajen yari, mai irin laifinsa da ya zauna lafiya rabin wa'adi yake yi. A ganina shekara 4 ta yi kaɗan ga likitan da ya yi odar lita sama da 15 ta wannan maganin don amfanin gida. Amma dokar ce ta yi kaɗan, ba wani ne ya yi waya daga sama ba.

Gaskiya dai ba 'yan Facebook kaɗai ke zargi ba. Yayarsa La Toya ta ce makirci ne, Paris ma ta faɗi haka a 2017. Mahaifiyarsa Katherine ta kai kamfanin AEG Live, masu shirya wasannin Landan, ƙara. A Oktoban 2013 masu taimaka wa alƙali suka yarda cewa kamfanin ne ya ɗauki Murray aiki, amma suka wanke shi daga alhakin mutuwar.

[Hotunan kantin faifai, sannan gidansa na Neverland]

Abin da ya bari kuwa, kuɗi sun fi shigowa bayan ransa. A 2016 masu kula da dukiyarsa sun sayar wa Sony rabin da yake da shi a kamfanin haƙƙin mallakar waƙoƙi na Sony/ATV a kan dala miliyan 750. Sunansa ne bai huta ba. An wanke shi a kotu a 2005 daga tuhumar lalata da yaro, amma a 2019 wasu mutum biyu suka bayyana zarge-zargensu a wani shirin tashar talabijin ta HBO, iyalinsa suka musanta, wasu gidajen rediyo a Kanada da New Zealand suka daina sa waƙoƙinsa. Wannan magana ce mai tsawo, bidiyonta daban za mu yi.