Daga Hasumiyar Agadas Zuwa Bakin Iyakar Libiya

Malam Isufu: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu nufi jihar Agadas a arewacin Nijar, wadda ta yi iyaka da Aljeriya da Libiya da Chadi, ina kuma tare da Hajiya Rabi da Bashir.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muka tashi a Kano, sunan Azbin muka fara sani kafin mu san Agadas, domin a bakin kakanninmu muke jin labarin dokin Azbin da kantun gishirin da Buzaye ke saukewa a Fagge. Mun ɗauka cewa can ne ƙarshen duniya.

Malam Isufu: Ai kuwa a wurin fatake nan ne tsakiyarta, Hajiya. Tun ƙarni na 15 aka kafa sarautar Azbin, kuma babban aikin sarkin shi ne sulhunta ƙabilun Abzinawa da tsare hanyar ayari, saboda fataken da ke tahowa daga Tarabulus ko Gadamas zuwa Katsina da Kano sukan yada zango a garin Agadas. A fadar ma akwai wani hakimi da ake kira Sarkin Turawa.

Bashir: Gafarta Malam, wane irin Sarkin Turawa kuma tun Faransa ba ta zo ba?

Malam Isufu: A wancan zamanin Larabawan arewa ake kira Turawa, shi kuwa aikinsa kula da sha'anin fataucinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Agadas a 1850 da sunan Abdulkarim, ya rubuta labarin wannan muƙami, kuma har yau ana nuna wa baƙi gidan da ya zauna.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hasumiyar babban masallaci, wadda aka fara ginawa wajen 1515, zamanin da ikon Askiya Muhammadu na Songhai ya kai garin, aka kuma sake gina ta a 1844. Tsayinta mita 27 ne, da jar ƙasa zalla, ga itatuwa sun fito ta kowane gefe domin magina su taka idan za a yi yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Bashir: To yaushe wurin ya tashi daga mahaɗar hanyoyi ya koma bakin iyaka?

Malam Isufu: Da zuwan mulkin mallaka ne, kuma ba a miƙa wuya cikin ruwan sanyi ba. A watan Disamba na 1916 wani jagoran Abzinawa mai suna Kawsen ya taho daga wajen Fezzan ta ƙasar Libiya da goyon bayan 'yan ɗarikar Sanusiyya, ya haɗa kai da Sarkin Azbin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya har zuwa Maris na 1917, lokacin da dakaru suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai, domin an kashe malamai da dama a cikin garin, an ƙwace raƙuma, jama'a masu yawa kuma suka gudu kudu. Shi Kawsen a garin Murzuk na Libiya aka kashe shi a 1919. Daga baya Faransa ta gina sansani a Madama domin sa ido kan Italiyawan da ke Libiya, kuma har gobe nan ne shingen soja na ƙarshe a kan wannan hanya.

Hajiya Rabi: Duk da haka ayarin gishiri bai mutu ba. Bayan damina madugu yana jan raƙuma su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino. A kan wannan hanya ce itaciyar nan tilo ta tsaya shekara da shekaru, har wani direban babbar mota ya banke ta a 1973, abin da har yanzu nake mamakinsa, ganin faɗin filin da yake da shi na kaucewa. Kututturenta yana gidan tarihi na Yamai.

Bashir: Ni kuwa raƙuman dawan Dabus nake burin gani, waɗanda mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse lokacin da hamadar take da ruwa da ciyawa, babban cikinsu ya haura mita 5. Akwai kuma lambunan lemo na Timiya a tsakiyar duwatsu, da bikin shan gishirin dabbobi na Ingal a watan Satumba.

Malam Isufu: Sai dai masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007 da kuma sace ma'aikatan yuraniyom a Arlit a 2010. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, sai dokar 2015 ta haramta sana'ar, aka kama motoci, aka ɗaure mutane, har zuwa Nuwamban 2023 da gwamnatin soja ta soke ta. Maƙeran azurfa da ke ƙera sarƙar Agadas su ma sun ji a jikinsu.

Hajiya Rabi: Idan Allah ya nufe ni da zuwa, Malam, a watan Muharram zan je domin bikin Biyanu. Ana barin baƙo ya hau hasumiyar kuwa?

Malam Isufu: Ana bari idan an nemi izinin masu kula da masallacin, amma matakalar tana ƙara matsewa yayin da ake hawa, ta yadda kafin a kai ƙololuwa sai mutum ya sunkuya yana dafa bango.