Kurkum, Baba da Gyambon Hanji

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye da 'yan uwa, a garin nan wanda duk ya ga jini a bayan gida sai ya ce basir ne, ya nufi Kasuwar Kurmi. Wata sa'a basir ɗin ne, wata sa'a atini. Amma akwai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa hanjin mai ita, ya kumbura, ya yi gyambo, ya lafa ya sake tashi, shekara da shekaru. Iri biyu ne: mai tsayawa a babban hanji, da cutar Kron da aka bayyana a 1932, mai kama ko'ina daga baki har dubura. Sai an gwada bayan gida, a leƙa hanjin da na'ura, ake rarrabewa.

A hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta masu amfani. Su ke cin dusar gero da wake da kukar da cikinmu bai narkar ba, su fitar da sinadarin butiret, abincin bangon babban hanji. Masu wannan ciwo, irin waɗannan ƙwayoyin sun ragu a cikinsu.

To, ina tsirrai suka shigo? Kurkum dai. A Japan, a wani gwaji da aka wallafa a 2006, an ba masu gyambon babban hanji da ciwonsu ya lafa giram 2 na wani sinadari da ke cikin kurkum, mai suna kurkumin, kullum, wata 6. Ciwon ya dawo wa kusan 5 cikin 100. Waɗanda ba a ba su ba, kusan 20. Ku lura fa, a kan maganin asibiti aka ɗora shi, ba wanda aka ce ya ajiye ƙwayarsa. Kuma wannan sinadari bai fi kusan kashi 3 cikin 100 na garin kurkum ba, don haka cokali guda a shayi bai kai ko kusa ba.

Sai baba, dangin wanda ake rini da shi a Ƙofar Mata. Mutanen Sin sun daɗe suna magani da irin nasu. Gwajin da aka wallafa a 2018 ya nuna yana aiki ƙwarai, har fiye da kurkum a ganina. Duk da haka dakatar da gwajin aka yi, don an sami wani da ya saya da kansa ya yi ta sha, jini ya hau masa a jijiyoyin huhu. Kada wani ya tashi daga nan ya tafi karofi da kofi! Mai tambaya ya ɗaga hannu.