Wankin Kafet da Darduma: Ƙura, Tabo, Ɗauraya da Shanya

Assalamu alaikum masu kallo. Ku ɗaga gefen kafet ɗin falonku, ku bugi bayansa da tafin hannu, sannan ku dubi abin da ya zubo a kan siminti. Wannan jan garin yashi shi ne mafi yawan dattin da ke cikin kafet a Zariya, ko a Samaru kuke ko a Tudun Wada ko cikin birni. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da shi ta taga da ƙarƙashin ƙofa, ya gangara gindin gashin kafet. Duk takun da aka yi, ƙwayoyin yashin suna gurzar zaren. Shi ya sa hanyar da aka fi bi, daga bakin ƙofa zuwa kujera, take dusashewa, kuma wanki ba ya dawo da ƙyallinta, domin zaren ne ya ƙarje.

Saboda haka ruwa ba ya taɓa kafet sai an fitar da ƙura. In aka zuba ruwa a kan ƙura, laka aka kwaɓa, ta kuma liƙe a gindi. Wanda ake iya naɗewa, a fitar da shi, a kifa shi, a bubbuga bayansa da sanda mai faɗi, a ɗaga a share ƙasa, a sake, har ƙura ta daina zubowa. Wanda aka shimfiɗa bango zuwa bango sai injin zuƙe ƙura, a ja shi a hankali, tsaye da kwance. Da hunturu sau 2 a mako bai yi yawa ba.

Kafin a haɗa sabulu, a san da wane zare aka saƙa shi. Ku tsinko zare guda daga gefe, ku riƙe da hantsaki, ku kai masa ashana a waje, nesa da kafet ɗin. In ya narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri, zaren roba ne, kuma yawancin na kasuwar Sabon Gari wannan ne. In ya yi ƙaurin gashi, tokarsa ta murmushe a yatsa, ulu ne. In ya ci da sauri yana ƙaurin takarda, auduga ce ko zaren nan mai sheƙi da ake sayarwa da sunan siliki. Na roba yana jure ruwa da sabulu, sai dai yana shan maiƙo, kuma zafi na narkar da shi, don haka kada a dire masa kaskon turaren wuta ko dutsen guga. Ulu ba ya shiri da omo mai ƙarfi, ko kanwa, ko ruwa mai zafi sosai, Hypo kuwa cinye shi take yi gaba ɗaya. Mai kama da siliki ya fi kowanne rauni: ruwa zalla ma yana sa shi ya ja rawaya, gashinsa ya sandare, don haka wannan a bar wa gwanaye.

Sai gwajin zuba. A jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulun da za a yi aiki da shi, a danna a kan kowane launi, musamman ja da shuɗi, a bar shi minti 5. In launi ya fito a ƙyallen, wannan kafet ba na jiƙawa ba ne.

Yanzu tabo. Ko mene ne ya zube, kada a dirza. Dirza tana faɗaɗa tabo, tana tura shi ƙasa, tana warware murɗin zare, wajen ya yi buzu-buzu har abada. A kwashe mai kauri da cokali, a ɗora farin tawul a danna da nauyin jiki, a juya wajen da bai jiƙa ba a sake dannawa, ana tahowa daga gefen tabon zuwa tsakiya. Haɗin da ya fi amfani shi ne cokalin shayi 1 na sabulun wanke-wanke na ruwa a lita 1 ta ruwa mai ɗumi. Kada a ƙara a kan haka. Haɗi na biyu shi ne kofi 1 na farin khal a kofi 2 na ruwa.

Manja abu biyu ne a haɗe, maiƙo da launi, kuma maiƙon ake fara cirewa. Bayan an kwashe da cokali, a barbaɗa hodar jarirai ko garin masara mai laushi har ya rufe wajen, a bari minti 20 ya tsotsi man, a share. Sannan a dangwala ruwan sabulun da soso, a danna da tawul, a maimaita. Rawayar da ta rage takan koɗe in wajen ya sami hasken rana na ɗan lokaci. Kananzir da fetur ba su da gurbi a nan. Suna narkar da gam ɗin da ke riƙe zare da bayan kafet, warinsu ya zauna, ga kuma haɗarin gobara a ɗakin da ake kunna turare. Man gyaɗa, humra da man shafawa duk hanyarsu ɗaya da manja.

Shayi, zoɓo da goro kuwa launin tsiro ne, kuma sabulun wanki mai ƙarfi ƙara kama su yake yi. Zoɓo ma in ya haɗu da omo ko kanwa sai ya juye shuɗi-shuɗi. A tsane da tawul, a sa ruwan sanyi kaɗan a sake tsanewa, sannan a bi da ruwan khal. In shayin na madara ne, a fara da ruwan sabulu saboda maiƙon madarar, khal ya biyo baya. In inuwar tabon ta ƙi fita a kafet na roba mai hasken launi, akwai haidirojin ferokside, ruwan wanke rauni da ake sayarwa a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100: a gwada shi tukuna a lungun da kujera ke rufewa, domin yana iya koɗar da launi.

Jini, ruwan sanyi kawai da ɗan sabulu, don ruwan zafi dafa shi yake yi ya manne wa zare. Tawadar biro, a ɗiga sifirit a ƙyalle a dinga dangwalawa, kada a tsiyaya shi a kan kafet. Cingam, a ɗora masa ƙanƙara a leda har ya daskare, a ɓamɓare da bayan cokali. Lalle, gaskiya, in ya bushe a kan ulu ya riga ya rina zaren, don haka ranar ƙunshi a naɗe kafet ko a shimfiɗa leda da tsohuwar tabarma.

Fitsarin yara ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kawo ƙorafi. Abin da ake gani a sama kaɗan ne, mafi yawansa ya ratsa zuwa bayan kafet da soson ƙasa, ya bazu. In ya bushe yana barin gishiri, gishirin kuma yana jan danshin iska. Wannan ne dalilin da zarnin ke lafawa da hunturu, ya taso a Yuli da Agusta. Turare da humra rufe shi kawai suke yi na yini ɗaya. A tsane shi tun yana sabo, a sa ruwan khal ya ratsa har inda fitsarin ya kai, a bari minti 10, a taka tawul a kai, sannan a kwarara ruwa zalla a tsane, sau 3 ko fiye. Ruwan ƙarshen nan da ba a gauraya da komai ba shi ne kuma na tsarki, ga dardumar da ake salla a kai. Kada a kuskura a zuba Hypo a kan fitsari ko a haɗa ta da khal, iskar da ke tashi daga haɗin tana ƙona huhu.

Mu je ga babban wanki. Gwani yana da hanya biyu. Kafet na bango zuwa bango, irin na masallaci da ofis, ana wanke shi a inda yake da injin da ke fesa ruwan ɗumi yana zuƙewa nan take. Ana fara zuƙe ƙura, a fesa ruwan sabulun kafet, a bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da ya bushe ba, a motsa shi da buroshi mai laushi, sannan injin ya bi da ruwa zalla. Kowane layi da aka fesa, a sake binsa sau 2 ana zuƙa kawai. Na tsakar ɗaki kuwa, a shimfiɗa shi a kan siminti mai tsabta mai ɗan gangare, a jiƙa, a bi da buroshi ta inda gashin ya kwanta, a ɗauraye, a turo ruwan waje da katako mai santsi.

A ɗauraya ake gane aikin kirki. Masu wanki da yawa suna zuba omo har kumfa ta yi tudu domin mai kaya ya ga ana aiki. Omo an yi shi ne don tufafin da ake ɗaurayewa a matse, kafet kuwa ba a matse shi. Abin da ya rage a ciki yana bushewa ya yi danƙo, ƙura ta manne masa, cikin makonni kaɗan kafet ya fi da datti. Ku gwada da kanku: ku zuba ruwa kaɗan a wanda aka wanke, ku murza da yatsa. In kumfa ta taso, ba a gama ba. Ruwan ma a duba shi. Na rijiya in ya yi ja, a bar shi ya kwana ya kwanta, in ba haka ba farin kafet zai ɗauki launin ƙasa. In wajen wankin mota kuka kai, kada a kusanto da bakin injin feshi, ƙarfinsa yana tsefe zare yana ɗaye gam.

Shanya ita ce rabin aikin. Kafet ya kamata ya bushe cikin awa 6 zuwa 12, kada ya wuce 24, domin daga nan fumfuna ke fara kamawa, warin ruma ya biyo. Akwai kuma matsalar tabon da ke dawowa bayan wanki. Yayin da sama ke bushewa, zaren yana janyo ruwan da ke gindi zuwa sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila, ya taho da dattin da aka bari. In bayan kafet na zaren algarara ne, har launin ruwan ƙasa yake fitarwa ya ɓata geza da gefuna. Maganinsa rage ruwa da saurin bushewa. In tabon ya dawo, a jiƙa wajen kaɗan, a ɗora tawul ninki 4, a danne da abu mai nauyi ya kwana, dattin zai haura cikin tawul.

Kada a rataya jiƙaƙƙen kafet a kan katanga: nauyin ruwa yana miƙar da shi ya karkace, launi ya gangaro ƙasa. A naɗe shi, a jingina shi a tsaye na minti 30 ruwa ya tsiyaye, sannan a shimfiɗa a kan bencina ko bulo iska ta ratsa sama da ƙasa. A kifa fuskarsa in rana ta yi zafi, sai dai mai bayan roba, shi inuwa yake so don kada robar ta tsattsage. A cikin ɗaki kuwa a buɗe tagogi, fanka ta yi ta aiki, a sa leda a ƙarƙashin ƙafafun kujeru saboda tsatsa da launin katako. A taɓa bayan kafet, ba fuskarsa ba, kafin a mayar da shi.

Lokacin da ya fi dacewa da babban wanki a Zariya shi ne Maris da Afrilu, ƙura ta lafa, ruwa bai sauka sosai ba. Sau 1 a shekara ya isa gidan da ba a shiga da takalmi, gidan yara da masallacin Juma'a kuwa sau 2. A Agusta sai dole. Wanda za a ajiye, a tabbatar ya bushe ƙarau, a naɗe shi kada a ninke, a sa kafur saboda asu, a lulluɓe da tsohon zanen gado maimakon leda, a ɗora shi a kan katako nesa da ƙasa da bango, inda gara da danshi ba za su kai gare shi ba.