Oxford, Garin da Jami'arsa Ba Ta da Ƙofa Ɗaya

Jama'a, in kuna da aboki da ke karatu a Oxford ya ce ku zo ziyara, to ku amsa. Daga tashar Paddington ta Landan, tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa.

Kuna sauka, kada ku wahalar da kanku neman babbar ƙofa irin ta jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Babu ita. Jami'ar a warwatse take cikin gari, kwalejoji sama da 30, kowace da katangarta da ɗakin cin abincinta da mai gadi a bakin ƙofa. Baƙo sai ya biya kuɗi a wasunsu, wasu kuma a rufe zai same su. Amma ɗalibi yana iya shiga da baƙonsa kwalejinsa, har ku ci abinci tare a dogayen teburan nan na katako. Ka ga ranar aboki ke nan.

Tun wajen 1096 ake koyarwa a garin. Abin ya bunƙasa daga 1167, da Sarki Henry na biyu ya hana ɗaliban Ingila zuwa karatu Paris.

In lokacinku kaɗan ne, ku ba ɗakin karatu na Bodleian rabo mafi girma. An buɗe shi a 1602, kuma tun 1610 yake da haƙƙin karɓar kwafin littattafan da aka buga a ƙasar. Tsoffin littattafansa ba sa fita waje. Ko Sarki Charles na ɗaya da ya nemi aro a 1645, haƙuri aka ba shi. Har yau mai son karatu a ciki sai ya ɗauki alkawarin ba zai kunna wuta ba. Wallahi wannan kula da littafi ta isa a yi tattaki dominta. Ginin nan mai kubba da za ku gani kusa da shi, Radcliffe Camera, ɓangarensa ne.

Gidan tarihi na Ashmolean kyauta ake shiga. In da rana, ku hau kwale-kwale a kogin Cherwell, wanda ake tunkuɗawa da doguwar sanda.

Da dare ku tsaya kusa da kwalejin Christ Church. Ƙarfe tara da minti biyar, ƙararrawar hasumiyarta za ta buga sau 101, adadin ɗaliban kwalejin na da, alamar su koma a rufe ƙofa. Minti biyar ɗin kuwa, agogon Oxford na gargajiya ne, wanda ke bayan na Greenwich, wato agogon GMT, da minti biyar.

Abincin halal da masallaci suna wajen titin Cowley. Sai dai kafin ku yanki tikiti ku tuntuɓi abokin, don a watannin Mayu da Yuni ana jarrabawa, kwalejoji da dama kan taƙaita shigar baƙi, shi ma ba zai samu sukunin zagayawa da ku ba.